Hutun bazara a Shimla da iyali: tambayoyin da ake ta yi mini da amsoshinsu

Tun da muka dawo daga Shimla ni da uwargida da yara uku da kuma Hajiyarmu, kusan tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo mini, wasu ɗalibai ne da ke karatu a Indiya iyalansu za su kawo musu ziyara, wasu jinya ce ta kawo su Delhi an sallame su suna so su sha iska kafin su koma gida, wasu kuma finafinan Indiya ne kawai suka sa musu son duwatsun nan tun suna yara. Na gaji da maimaitawa shi ya sa na tattara su wuri guda.

Wai ina ne Shimlan nan, kuma me ya sa ake rububinsa?

Shi ne babban birnin jihar Himachal Pradesh a arewacin Indiya, yana kan duwatsun Himalaya, tsayinsa wajen mita 2,200 daga teku. Don ku gane, Jos da muke cewa akwai sanyi wajen mita 1,200 take, to ku ƙara dubu ɗaya a kai. Turawan Ingila ne suka raya shi saboda zafin Indiya ya fi ƙarfinsu, a 1864 suka mayar da shi hedikwatar mulkinsu ta lokacin zafi, wato duk shekara in bazara ta kama sai gwamnati ta naɗe takardunta da ma'aikatanta ta hau dutse, sai an fara sanyi a sauko. Shi ya sa in kana tsakiyar garin sai ka ga gine-gine kamar wani ƙauyen Ingila aka ɗauko aka ɗora a kan tsauni.

Dalilin rububin bai canza ba har yau. A watan Mayu Delhi tana wuce digiri 40, irin zafin Sakkwato da Maiduguri, iska kamar daga bakin murhu, amma Shimla da rana ashirin da wani abu ne, da dare sai ka ja bargo.

Wane wata ya fi dacewa a je?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci kuma ita ce mutanenmu suka fi yin kuskure a kai. Bazarar Indiya daga Afrilu ne zuwa tsakiyar Yuni. Mu kuma dogon hutun 'yan makarantarmu yana kamawa ne ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, to wannan lokacin a Shimla tsakiyar damina ce, kuma daminar kan dutse ba irin tamu ba ce da za a yi ruwa awa biyu a ɗauke rana ta fito. Hazo zai rufe garin ba ka ganin dutsen da ka biya kuɗi don ka gani, ƙasa tana zaftarewa ta toshe hanya, mota ta kwana a layi. A Yuli da Agustan 2023 abin ya yi muni ƙwarai, ranar 14 ga Agusta ƙasa ta rufto kan wani wurin ibadar Hindu a unguwar Summer Hill mutane suka mutu, har layin dogo ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashinsa aka bar shi yana lilo a iska. Ni dai ba zan ɗauki yara in kai su can a Agusta ba ko kyauta aka ba ni tikiti.

In kuna da zaɓi ku ɗauki hutun Afrilu, lokacin gari ya yi haske, cunkoso bai fara ba, otal da sauƙi. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni makarantun Delhi da Punjab suna hutu, kowa da motarsa ya nufo dutse, farashi ya tashi, kuma a irin wannan lokacin ne a 2018 ruwan famfo ya yanke a garin kwana da kwanaki har mazauna suna roƙon baƙi su daina zuwa. In kuma dole sai a lokacin cunkoson, ku shiga ranar Litinin ku fita kafin Juma'a. Ƙarshen Satumba da Oktoba ma lokaci ne mai kyau, ruwa ya ɗauke kuma ana cikin kakar tuffa.

Za mu ga dusar ƙanƙara irin ta fim?

A cikin Shimla da bazara, a'a. Gara ku gaya wa yara tun a gida kada a je ana kuka, nawa sai da ƙaramar ta yi fushi da ni yini guda. Ƙanƙara tana sauka ne tsakanin ƙarshen Disamba da Fabrairu, kuma ko a lokacin ba kowace shekara take yin yawa ba. Mai son ya taɓa ƙanƙara a Mayu ko Yuni sai ya wuce Manali, wajen kilomita 250 daga Shimla, tafiyar awa bakwai zuwa takwas, daga can a hau mashigar Rohtang mai tsayin kusan mita 4,000, ana buƙatar takardar izinin mota kuma ba a hawa ranar Talata. Ko a bi ta ramin Atal mai tsawon kilomita 9 da aka buɗe a 2020 a fita ɓangaren Sissu. Amma kafin ku yanke shawarar Rohtang ku karanta amsar da na bayar kan masu sikila da tsofaffi a ƙasa.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Kowa da fasfonsa da bizarsa har jariri. Ana cike fom a intanet a kai ofishin jakadancin Indiya da ke Abuja ko na Legas, ku fara da wuri don ba abin sati ɗaya ba ne. Katin allurar shawara, wato yalo kad, dole ne ga wanda ya taso daga Najeriya, kuma sai allurar ta yi kwana 10 kafin a karɓe ta, wanda ba shi da shi ana iya killace shi har kwana shida a filin jirgi. Tun 2014 kuma suka sa sharaɗin ɗigon shan inna ga matafiya daga wasu ƙasashe har da Najeriya, don haka ku nemi wannan katin ma lokacin da kuke haɗa takardun biza. Wanda ya shigo da bizar jinya ya fara magana da ofishin baƙi na asibitinsa kafin ya bar Delhi.

Shimla kanta ba ta buƙatar wani izini na daban. Sai dai duk otal ɗin da kuka sauka dole ya cike wa baƙon ƙasar waje takardar da suke kira Form C, za su karɓi fasfo su yi kwafi, wannan doka ce ba wulaƙanci ba ne. Yana da alaƙa da maganar masauki, ku duba can.

Ta yaya ake zuwa daga Delhi?

Daga gida dai yawanci ta Addis Ababa ko Doha ake bi a sauka Delhi, agogonsu yana gaban namu da awa huɗu da rabi, ku ba yara kwana ɗaya ko biyu su warware kafin a hau dutse. Daga Delhi zuwa Shimla wajen kilomita 350 ne, awa bakwai zuwa takwas a mota in hanya ta yi kyau. Akwai manyan bas masu sanyi na gwamnatin jihar, akwai tasi ta shata. Har Kalka, garin da ke gindin dutsen, hanya miƙaƙƙiya ce, daga nan sai kwana-kwana kamar maciji, duk yaron da mota ke sa shi amai to ranar zai yi, ku tanadi magani da jaka da kayan canji a kusa ba a but ba. Akwai ɗan filin jirgin sama a Jubbarhatti amma ƙarami ne kuma hazo kaɗan sai a soke tashi, ban ba ku shawarar dogara da shi ba, gara a sauka Chandigarh a ƙarasa a mota, awa uku zuwa huɗu.

Ɗan ƙaramin jirgin ƙasan nan da ake magana, ya cancanci wahalar?

Wallahi ya cancanta, ni a wurina shi ne rabin tafiyar. An buɗe layin a 1903, kilomita 96 daga Kalka zuwa Shimla, faɗin dogon ƙafa biyu da rabi ne kacal, yana ratsa ramuka 102 a cikin dutse da gadoji sama da 800, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2008. Yana tashi daga mita 650 da ɗoriya ya hau har sama da 2,000, a hankali kamar mai jin tausayin fasinja, awa biyar zuwa shida. Za ka ji iska tana canzawa a fatarka, a Kalka kana gumi, kafin a kai Solan ka fara neman rigar sanyi. Yaran Indiya suna da al'adar yin ihu duk lokacin da aka shiga rami, nawa suka koya nan take, Hajiya tun tana tsawatarwa har ta haƙura ta koma jan carbinta. A tashar Barog, bayan an fito daga rami mafi tsawo wanda ya haura kilomita ɗaya, jirgin yana ɗan tsayawa a sha shayi.

Yadda muka yi shi ne jirgin ƙasa na Shatabdi na safe daga tashar New Delhi, awa huɗu zuwa Kalka, sai a tsallaka dandamali a shiga ƙaramin da ke tashi wajen tsakar rana. Kujerunsa kaɗan ne kuma suna ƙarewa da wuri, ana sayar da tikiti tun kafin ranar tafiya a IRCTC, manhajar sayen tikitin jirgin ƙasan Indiya, in rajistar ta ba ku wahala ku sa wani ɗalibi da ke can ya saya muku. Manyan akwatuna ba su da wurin zama a ciki, ku bar su a Delhi. Shawarata a hau da jirgi a sauko da mota, zuwa da dawowa duka a jirgin yara za su ƙosa.

A wace unguwa ya kamata mu kama otal?

Nan ne na sha wuya. Shimla gari ne da aka rataye a jikin dutse, in taswirar waya ta ce maka otal yana mita 300 daga Mall Road, babban titin tsakiyar gari, to ba ta gaya maka mita 300 ɗin nan matakala ce ba. Otal ɗin da na fara kamawa hotunansa gwanin kyau, da muka iso direba ya tsaya a bakin titi ya nuna mana sama da yatsa, na ƙirga matakala ta haura ɗari kafin ƙofar shiga, ga Hajiya da ciwon gwiwa, haka na yi asarar kuɗin kwana ɗaya muka nemi wani. Don haka kafin ku biya ku kira ku tambayi abu uku: mota tana zuwa har ƙofa? akwai lif? kuna karɓar baƙin ƙasar waje? Ta ukun ba wasa ba ce, wasu ƙananan masaukai ba sa son wahalar Form C ɗin da na ambata, sai ka iso da dare su ce ba ɗaki.

Mall Road da Ridge, wato babban dandalin garin, ba a shiga da mota sai ta asibiti da ta kwana-kwana da 'yan kaɗan masu izini. Mota tana ajiye ka a Cart Road a ƙasa, akwai lif na gwamnati da ake biyan kuɗi kaɗan ya hau da kai, lokacin cunkoso layinsa dogo ne. 'Yan dako kuwa akwai su, yawancinsu Musulmin Kashmir ne, za ka ga mutum ya ɗaure akwati uku da tukunyar gas a baya da igiya yana hawa kamar ba komai, ku yi ciniki kafin ya ɗauka kuma kada ku matse su da yawa. Mai son shiru ya kama a Mashobra, 'yan kilomitoci daga gari cikin dajin itatuwan deodar, sai dai kullum sai an shiga mota.

Muna da tsohuwa, kuma ɗaya daga cikin yaran sikila ne. Ba matsala?

Tsofaffi dai matsalarsu hawa ne da haki, ranar farko kowa zai ji numfashinsa ya ɗan yi sama, a huta, a sha ruwa, kada a tsara komai ranar. Mai ciwon zuciya ko wanda aka yi wa aiki kwanan nan sai da yardar likitansa.

Sikila kuwa magana ce babba. Iskar kan dutse ba ta da yawan sinadarin da jini ke buƙata, ga sanyi ga gajiya ga ƙarancin shan ruwa, duk abubuwan da ke tayar da ciwon ne, kuma mita 2,200 ba wasa ba ce ga mai SS. Ku zauna da likitan yaron kafin ku sayi tikiti, in ya ce a'a to a'a ce. Rohtang kuwa ku cire ta a lissafi gaba ɗaya, a irin wannan tsayin har mai AS saifarsa tana iya tashi. In wani abu ya faru cikin gari babban asibitin gwamnati shi ne IGMC, kowane direba ya san shi.

Abinci fa, ana samun na halal?

Ku sani ba kowane nama ba ne yankan Musulmi. A wannan yankin akwai abin da suke kira jhatka, sara ɗaya ake yi a cire kai, kuma ya yi yawa a Himachal da Punjab, don haka in ba ka ga an rubuta halal ba ko ba ka ga mai shagon Musulmi ba ne, ka tambaya. Naman sa ku manta da shi, ko ambatonsa ma kada ku yi. A Middle Bazaar da Lower Bazaar kusa da masallatai akwai ƙananan gidajen abincin Musulmi.

Mu dai abin da ya fisshe mu shi ne gidajen abinci marasa nama, alamarsu koren ɗigo cikin koren murabba'i. Rajma chawal shinkafa da wake ce kawai da miya, yara ba su yi gardama ba, ga burodin paratha da dal, wato miyar wake, ga siddu wanda burodi ne da ake turarawa kamar alkubus a ci da man shanu. Ku ce a rage yaji, nasu da namu ba iri ɗaya ba ne, nasu kayan ƙamshi ne suka yi yawa. Uwargida ta taho da yajin ƙuli da garin kunu da man shanu, kuma su suka riƙe Hajiya. Ruwa na gora kawai.

Salla fa?

Akwai Jama Masjid da masallacin Kashmirawa a cikin kasuwa ƙasa da Mall Road, ana Juma'a, yawanci maza ne kawai ke zuwa, mata su yi a ɗaki. Abin da zai ba ku dariya shi ne alƙibla tana yamma, Hajiya sai da na nuna mata a waya sau biyu tana cewa ita dai a nuna mata gabas. A watan Yuni asuba tana yi kafin ƙarfe huɗu, magariba wajen bakwai da rabi. Kada ku shimfiɗa darduma a Ridge ko bakin titi, Musulmi 'yan tsiraru ne a jihar kuma a 2024 an yi zanga-zanga kan wani masallaci a unguwar Sanjauli, ku matafiya ne kuna da sauƙin kasaru da haɗa salla, ku yi a masauki.

Kwana nawa ya isa, kuma me za mu gani?

Kwana uku zuwa huɗu. Yamma ɗaya a Ridge da Mall Road, ga cocin Christ Church mai ruwan ɗorawa da aka gama a 1857, yara su hau doki su sha askirim, a leƙa Lakkar Bazaar a sayi kayan katako na tsaraba. Safiya ɗaya a Viceregal Lodge, fadar wakilin sarautar Ingila da aka gama a 1888, yanzu cibiyar bincike ce amma ana zagayawa da baƙi wasu ɗakunan, a nan aka yi taron 1945 da su Jinnah, wanda ya kafa Pakistan, kan makomar Indiya kafin a raba ta, ga lambu mai faɗi da yara za su yi gudu. A garin nan ne kuma Indira Gandhi da Zulfikar Ali Bhutto suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1972 tsakanin Indiya da Pakistan. Sauran lokacin ku bar shi haka nan, wanda ya cika jadawali a Shimla a cikin cunkoson mota zai ƙare hutunsa.

Da gaske ne birai suna ƙwace?

Da gaske ne, kuma sun ƙware. A dutsen Jakhu, inda mutum-mutumin Hanuman mai tsayin ƙafa 108 yake, wurin ibadar Hindu ne mu iyakarmu waje don kallon gari, ina tsaye ina ɗaukar hoto ban ji komai ba sai sanyin hannu a kunnena, tabarau ya tafi. Birin ya hau bango ya zauna yana juya shi yana kallona, wani mai sayar da gyaɗa ya ce in sayi ƙulli ɗaya, ya jefa masa, shi kuma ya saki tabarau, kai ka ce tare suke kasuwancin. Ku cire tabarau da hula, waya a aljihu, kada yaro ya riƙe abinci a hannu, kada a kalle su ido cikin ido, tagar otal a rufe in za a fita. In biri ya ciji ko ya yakushi wani a wanke da sabulu da ruwa minti 15 a tafi asibiti a yi allurar haukan kare ranar, ba gobe ba. Akwai motar igiya da ke hawa Jakhu, ita ta fi wa tsofaffi.

Direbobi suna ta cewa Kufri, mu je?

Kilomita 16 ce daga gari. Da bazara ba ƙanƙara sai taɓo da kashin doki da masu doki suna jan rigarka, ni ban ga abin a zo a gani ba in ban da ɗan gidan namun dajin da ke wurin. In za ku hau doki ku gama ciniki na zuwa da dawowa tukuna. Naldehra, wani wurin shaƙatawa a wajen gari, ta fi mini daɗi nesa ba kusa ba.

Yaya ake yi da kuɗi?

Indiyawa da waya suke biyan komai ta tsarin da suke kira UPI har mai shayi, amma galibi sai mai asusun bankin can, ku tsabar rupi za ta yi muku aiki. Ku taho da dala ku canza a Delhi, canjin kan dutse ba shi da kyau, kada ku dogara da katin naira. Ku nemi takardun 100 da 200 da yawa saboda canjin 500 wahala yake yi, kuma kada ku karɓi takardar 2,000, an janye ta tun 2023.

Ana kallon baƙar fata sosai?

Ana kallo, ba zan ɓoye muku ba. Za a nemi hoto da ku, musamman yara da kitso a kai, wasu har hannu suke kaiwa gashin, ku ce a'a kai tsaye in ba ku so. Yawanci ƙauyanci ne ba ƙiyayya ba, kuma mutanen dutse sun fi na Delhi sanyin hali, sai dai sunan Najeriya yana da tabo a wurin wasu saboda labaran ƙwaya, na lura fuskar wani mai otal ta canza da ya ga koren fasfo. Tafiya da iyali tana rage wannan sosai. Kwafin fasfo da biza ya zauna a aljihu kullum.

Wane kaya za mu ɗauka?

Rigar sanyi ɗaya mai kauri ga kowa, safa, hular sanyi ta yara, lema, man shafawa don iskar tana busar da fata kamar hunturu, da takalmi mai kama ƙasa, silifas da takalmi mai tsini ba su da aiki a nan. Doguwar abaya mai jan ƙasa tana wahalar da mata a matakala, a samu wadda ta ɗan ɗage. Jihar ta hana jakar leda kuma ana cin tara kan zubar da shara da shan sigari a Mall Road, ku riƙe jakar yadi, in kun manta ana sayarwa a Lower Bazaar.